Tambaya da Amsa: Wai fetur ne ke hana zaɓen gaskiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram, yayana yana kasuwanci a Libreville, babban birnin Gabon, shi ne yake ba ni labari wai ranar da sojoji suka kifar da Ali Bongo a 2023 mutane titi suka fito suna murna, alhali a daren ne aka ce ya ci zaɓe. Mun yi ta gardama a fada, wasu na cewa duk ƙasar da ke da fetur haka take, ba a zaɓen gaskiya. Malam haka ne? Don mu ma ga matatar mai ta SORAZ a ƙofar gidanmu. Daga mai karatu a unguwar Birni.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya tsare hanya. Yayanka bai ƙara gishiri ba. An yi zaɓen ranar 26 ga Agusta 2023, a ranar aka katse intanet aka sa dokar hana fita da dare, aka rufe RFI da France 24, ba a kuma bar masu sa ido daga waje sun shigo ba, sai da dare ya raba ranar 30 ga wata mutane na barci hukumar zaɓe ta ce Ali Bongo ya samu kashi 64, Albert Ondo Ossa kashi 30 da ɗoriya. Ko awa ɗaya ba a yi ba sojoji suka bayyana a talabijin. Wanda ya ci da gaskiya me zai sa ya sanar da nasararsa cikin duhu?

Amma ni zaɓen 2016 ya fi tsaya mini a rai. Tsakaninsa da Jean Ping tazarar ba ta kai ƙuri'a 6,000 ba a duk ƙasar, kuma Ping ne a gaba har sai da sakamakon Haut-Ogooué ya iso, jihar su Bongo kenan, aka ce kashi 99.9 na masu rajista sun fito kuma kashi 95 Bongo suka zaɓa. Kai ka duba, jiha guda babu mara lafiya, babu wanda ya yi tafiya, babu wanda ya rasu bayan rajista, babu mai jego, kowa ya fito, alhali a ƙasar gaba ɗaya fitowar ba ta kai kashi 60 ba. Tawagar Tarayyar Turai ta ce lissafin nan akwai matsala ta nemi a buga sakamakon kowace rumfa daban, a daren da aka sanar da sakamakon ne masu zanga-zanga suka cinna wa majalisar dokoki wuta, an kuma rasa rayuka.

To ina fetur ya shigo? Gwamnatin da ke rayuwa da lampo da kuɗin duwan dole ta lallaɓi ɗan kasuwa da manomi don daga aljihunsu take ci, idan suka yi fushi ta ji a jikinta. Wadda kuɗinta ke fitowa daga rijiyar mai kai tsaye zuwa asusun da fadar shugaban ƙasa ke riƙe da makullinsa ba ta buƙatar ka sai ranar zaɓe, ranar ma hotonka a layi take so. Da kuɗin ake biyan dogarawan fada fiye da sauran soja, da shi ake kiran ɗan adawa a ba shi minista ya yi shiru, kuma Omar Bongo ya ƙware a wannan, shi ya sa ya zauna daga 1967 har ya rasu a 2009, a 2003 ya cire iyakar wa'adi, ɗansa Ali ya gaje shi. Iyali ɗaya kusan shekara 56. Mutanen Gabon ba su kai miliyan 3 ba, suna haƙo ganga wajen 200,000 a rana, amma kusan mutum ɗaya cikin uku talaka ne, wallahi wannan abin yana ci mini rai.

Sai dai ban yarda da 'yan fadarku ba da suka ce duk mai fetur haka yake. Gana ta fara haƙo mai a 2010, a 2016 shugaba mai ci John Mahama ya sha kaye ya miƙa mulki, a 2024 jam'iyya mai mulki ta sake faɗuwa. Can ana ƙirga ƙuri'a a rumfa gaban kowa, wakilin kowane ɗan takara ya sa hannu ya tafi da kwafinsa, kuma sun saba da canjin gwamnati tun kafin man ya zo.

Kar kuma murnar titin Libreville ta ruɗe ka. Janar Oligui Nguema da ya yi juyin mulkin shi ne shugaban dogarawan fadar Bongo, a Afrilun 2025 ya tsaya takara aka ce ya samu sama da kashi 90.

Mu kuwa a Nijar ai mun ɗanɗana. A 2008 aka sa hannu da kamfanin CNPC na Sin kan man Agadem, a shekarar aka aza harsashin matatar nan, ba a jima ba kiran tazarce ya cika gari wai a bar shugaba Tandja ya ƙarasa ayyukansa, Agustan 2009 aka yi ƙuri'ar raba gardama aka ce kashi 92 sun amince, Fabrairun 2010 sojoji suka ɗauke shi, matatar ma sai 2011 ta fara aiki. Lokacin ganga 20,000 ake magana a rana, yanzu da bututun da ya tafi har Sèmè a Benin abin ya ninka sau da yawa, kwaɗayin kujerar ma haka zai ninka. Tsarin mulkin 2010, wanda sojoji suka dakatar a 2023, ya ce a buga kwangilolin ma'adinai da kuɗin da suka shigo a jaridar gwamnati, doka kuma ta ware kashi 15 ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙowa. A fada idan an dafa shayi ku tambayi juna wa ya taɓa ganin wannan lissafin da idonsa, ku tambayi masu riƙe da ma'aikatar magajin gari, kuma duk ranar da aka dawo zaɓe kar wakilinku ya bar rumfa sai da takardar sakamako mai sa hannu a aljihunsa.