A Fasa Tsohon Silin Ko A Lulluɓe Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon gida a Filadelfiya, Amurka, ginin wajen 1925. Silin falo da na ɗakuna biyu na filasta ne irin na da, duk ya tsattsage, na falon har ya yi ciki. Ɗan kwangila na farko ya ce a fasa duka a yi sabo. Na biyu ya ce a lulluɓe da allon jifsum kawai, jingarsa kuma ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri a gidan. Kafin mu je ga kuɗi, ka san abin da ke saman kanka. Gidajen wancan zamani, siraran katakai ake jerawa a buga su a jikin manyan katakan rufi, waɗanda ke matsayin azara a ginin gargajiya, sannan a shafe da filasta har shafi uku. Filastar kan kutsa ta tsakanin siraran katakan ta daskare ta baya, wannan ne kaɗai ke riƙe da ita. Hau tsani ka danna silin da tafin hannu. Inda ya tsaya ƙyam, tsagar fuska ce kawai. Inda ya motsa ko ka ji yashi na zuba ta ciki, ya rabu da katakonsa.

Shi allon ba shi ne tsadar ba. Ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12 murabba'in ƙafa 144 ne, allo ɗaya mai ƙafa 4 a kan 8 yana rufe 32, allo biyar ke nan. Duba farashinsa a shagunan kayan gini irin su Home Depot ko Lowe's ka ninka, za ka ga ɗan kaɗan ne a cikin jingar. Sauran kuɗin hannu ne: lalubo manyan katakan ta cikin filasta, ɗaga allon sama, toshe mahaɗa da tef da kwaɓi sau uku, kowane shafi a bar shi ya kwana, a goge, a yi fenti.

Fasawa kuwa tana jawo abubuwa da yawa a bayanta. Akwai ƙura da za ta shiga ko'ina, akwai hayar kwantenar zuba ɓaraguzai, filasta kuma nauyi gare ta. Ga batun fenti mai dalma, wanda sai a 1978 aka hana amfani da shi a gidaje a Amurka. Tun 2010 hukumar kare muhalli ta EPA ta wajabta wa duk ɗan kwangilar da zai taɓa fentin gidan da ya girmi 1978 ya mallaki takardar shaida, ya kuma killace wurin aiki. Duk wannan a aljihunka zai sauka. Idan silin yana da kwalliya mai gurje-gurje da aka fesa daga baya, a kai ɗan gutsure a gwada ko akwai asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, kafin kowa ya ɗaga guduma.

Saboda haka ni dai ina tare da ɗan kwangila na biyu a kan ɗakuna biyun nan, da sharaɗi. Ka sa ya rubuta maka a takarda cewa sukuru zai ratsa allo da filasta ya shige cikin babban katako, wanda yawanci ake samu duk bayan inci 16. Mai gaggawa zai ɗaure a siraran katakan kawai, ka ga ya ƙara wa majinyaci kaya, don allo mai kaurin rabin inci yana kai wajen kilo 20. Idan silin ba a miƙe yake ba, a fara buga layukan katako a daidaita sannan allo ya hau, ka yi asarar inci ɗaya da kwata na tsawon ɗaki. Ka tambaya ko jingar ta haɗa da sauko da akwatin fitila da na fanka, da gyaran kwalliyar kusurwa. A nan ake yawan jin “ai wannan ba ya cikin magana”.

Falon ne ban yarda a rufe shi ido rufe ba. Me ya sa ya yi ciki? In banɗaki ne a samansa, a buɗe wurin a duba bututu da katakon. Haka in aka tarar da tsohon wayarin na zamanin ginin, mai bi ta kan ƙullutun tangaran, gara a fasa a sake waya gaba ɗaya, tunda kamfanonin inshora da yawa ba sa son ganinsa.

TAMBAYA: Gidanmu a Kaduna yake, silin asbestos ne, ya yi dabbare-dabbaren ruwa. Mai aiki ya ce zai buga jifsum a jikinsa kai tsaye don a rage kuɗi. Ya kuka gani?

AMSA: Hajiya, dabbaren nan yoyo ne, kuma jifsum ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. A fara kiran kafinta ya hau kwano, a bari a yi ruwa mai ƙarfi a tabbatar ya daina, sannan a yi zancen silin.

Bugawa kai tsaye kuma ban goyi baya ba. Huda asbestos na tayar da ƙurar da ke haddasa ciwon huhu da ciwon daji bayan shekaru, sannan katakon tu-bai-tu da ke riƙe da shi ba lallai ya ɗauki ƙarin nauyi ba, balle in gara ta taɓa shi. A jiƙa allunan asbestos ɗin, a cire su ɗaya bayan ɗaya ba tare da fasawa ba, ma'aikata da takunkumi mai kyau, yara kuma a kai su gidan makwabta. Daga nan a duba katakon, a ɗaura sabon firam.

Farashin kaya yana bin dala, don haka kada ki karɓi jinga a dunƙule. Allon jifsum ɗaya mita 1.2 ne a kan 2.4, wato murabba'in mita 2.88. A auna ɗakin a gabanki, a rubuta kuɗin kaya daban, na aiki daban, ki kuma riƙe wani abu daga kuɗin aikin sai fenti ya bushe kin kunna fitila kin duba mahaɗar allunan.