Amsa kan motar fulogi shida da shan mai

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce an kawo maka Camry Muscle mai fulogi shida, kana tsoron shan mai. To ni abin da na fahimta, so kake a ce maka ko albashi zai iya riƙe ta daga Gesse zuwa sakatariya a Birnin Kebbi kullum, tunda dai tun Mayun 2023 da aka cire tallafin mai kowa ya san halin da ake ciki.

Ka ga Muscle ɗin nan, bari mu ɗauki iri biyu. Akwai 2.4 mai fulogi huɗu, ƙarfin doki 158, akwai 3.5 mai shida, doki 268. A gwajin da ake yi musu a Amurka, cikin gari ƙaramar tana yin kusan kilomita 9 a lita ɗaya, babbar kusan 8. Kan babbar hanya ƙaramar wajen 13, babbar 12. Bambancin ke nan fa. In ka hau hanyar Argungu zuwa Sakkwato ka tsaya kan 100, babban injin ko numfashi ba ya yi, giya ta shida ta shiga, ya kwanta abinsa. Ƙaramar kuwa, cika ta da iyali da buhun shinkafa, ka kunna esi, ka zo wuce tirela, sai ka take totur har ƙasa.

Inda babbar take cinye mutum shi ne gajeriyar tafiya. Kai yara makaranta, kashe, tayar, kasuwa, kashe. Injin bai yi zafi ba ka riga ka isa, shi kuwa inji mai sanyi mai yake zuba wa kansa da yawa. Ga zaman jira cikin mota da esi a watan Afrilu, silinda shida suna ta juyi ba ka motsa ko taku ɗaya ba. Sai ƙafa. Doki 268 ɗin nan in ka kira su za su zo, kuma kai za ka ciyar da su.

Amma wallahi abin da ke ƙona min rai shi ne tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zagayawa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi. Mota ta iso daga Kwatano lafiya lau, bakanike ya ce wai wannan na ƙasar sanyi ne, ya cire ya jefar, ya haɗa fanka darek. Haka aka yi wa tawa ba da sanina ba, gyaran famfon ruwa kawai na kai. An ƙera injin nan ya yi aiki a wajen digiri 90. In ba tamostat, da safe ko lokacin hunturu ba ya kaiwa nan da wuri, kwamfutar motar tana ganin har yanzu da sanyi, sai ta yi ta ƙara mai. Fulogi su yi baƙi, mai ya riƙa sauka cikin baƙin mai. Sannan a ce fulogi shida ce ke sha! Wa ya ce Dubai ba zafi? Can ma da tamostat suke yawo.

Ban ce duk manya haka suke ba fa. Lexus LX 570 mai fulogi takwas, injin 5.7, cikin gari wajen kilomita 5 take yi a lita, nauyinta ma kaɗai ya isa. Wannan ba layinmu ba ne.

Kai dai kafin ka biya, a buɗe a nuna maka tamostat na nan, a sa na'ura a duba ko an kashe fitilar gargaɗin inji. In zirga-zirgarka duk cikin Birnin Kebbi ce, ɗauki huɗu. In kana yawan Sakkwato da Yawuri, shida ba za ta cuce ka ba. Turo min hoton injin in gani.