Amsa ga Tambayarka kan Adana Tsofaffin Takardu

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni, inda kake tambaya ko al'adar nan ta masu riƙon tsofaffin takardu, wato lulluɓe su a ajiye a duhu, da hana taɓa su sai an wanke hannu, tana da tushe ko kuwa camfi ne. Ka kuma ce kana son kai takardun kakanka a rufe su cikin leda da injin zafi. Ina roƙonka ka dakata, ka fara sanin abin da ke hannunka.

Asalin takarda zaren tsiro ne da aka daka, aka dama cikin ruwa, aka kwaso da rariya, aka shanya har ya kama jikinsa. A ƙasar Sin aka faro ta, kuma ana danganta kyautata sana'ar ga wani bafaden sarki mai suna Cai Lun, a shekarar 105 Miladiyya, wanda ya yi aiki da ɓawon itace da tsummokara da tsofaffin komar kamun kifi. Daga can ta iso birnin Samarƙand na Asiya ta Tsakiya, inda ake ruwaito cewa Sinawan da Musulmi suka kama a yaƙin Talas na shekarar 751 ne suka koyar da ita, sannan Bagadaza a zamanin Haruna Rashid, sannan Andalus. Mutanen Fabriano a Italiya, a ƙarni na 13, su suka shigo da tambarin nan da ba a ganinsa sai an ɗaga takarda a haske, kuma har yau masana na amfani da shi wajen gane inda aka yi takarda da zamaninta.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, duk tsawon ƙarnukan nan, daga Bagadaza har Turai, da tsumman lilin da rama da auduga ake yin takarda, zarensu kuwa dogo ne mai ƙarfi. Da buƙata ta yi yawa, sai wani Bajamushe, Keller, ya ƙera injin niƙa itace a shekarun 1840, takarda ta yi araha, amma ta shigo da cutarta a jikinta, domin niƙaƙƙen itace da sinadaran da ake zuba masa suna haifar da asid mai cin zaren a hankali. Shi ya sa za ka ga littafin da ya shekara ɗari biyar yana lanƙwasuwa lafiya lau, alhali jaridar da ba ta kai hamsin ba ta yi ja, kana naɗe gefenta sai ya ɓalle ya zube gari-gari a tafin hannunka.

To, ka ga hikimar al'adar. Haske na kashe tawada, zafi na gaggauta aikin asid, danshi na kawo fumfuna da gara, gumin hannu da maiƙo kuma suna barin tabon da ba ya fita. Masana adana takardu ma sun fi son hannu wankakke busasshe a kan safar hannu, saboda mai safa ba ya jin takardar, yakan yage ta bai sani ba.

Sana'arsu ta ƙara gogewa bayan ambaliyar kogin Arno a birnin Florence na Italiya ranar 4 ga Nuwamba 1966, lokacin da laka ta binne ɗimbin littattafai, ƙwararru suka taru daga ƙasashe da dama domin ceto su. Ƙa'idar da suke bi ita ce kada a yi wa takarda gyaran da ba za a iya warwarewa ba. Idan ta yage, sukan ɗora mata siririyar takardar Japan da sitacin alkama, wanda ɗan danshi ke saki in an so cirewa. Ledar injin zafi kuwa narkewa take ta manne da takardar, a fito da ita lafiya sai an yi sa'a, asid ɗin kuma yana ci gaba da ɓarnarsa a ciki. Haka salatif: gam ɗinsa na ratsa takardar ya bar jan tabo, abin da ke ɓata mini rai duk lokacin da na gan shi a kan rubutun hannu.

Saboda haka ka cire duk wani ƙarfe da ke maƙale da su kafin tsatsa ta ci, ka shimfiɗa su ba tare da ninki ba, ka raba jaridu da sauran takardu, ka sa su cikin kwali marar asid, nesa da ƙasa da bango mai danshi. Ka ɗauki hotonsu domin masu son karantawa, waɗanda suka yage kuma ka bar su yadda suke har ka sami ƙwararre a gidan adana kayan tarihi.

Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka