Kuɗin rashin aiki: asusun banki ko kati?

Ɗan'uwa, ka ce aiki ya tsaya maka a New York, kana tambaya ko a riƙa zuba maka kuɗin rashin aikin a banki ko ka karɓi katin da jiha ke bayarwa. In dai kana da asusu da sunanka, zaɓi banki kai tsaye. Ka shiga shafin Ma'aikatar Ƙwadago ta jihar, ka sa lambar asusunka da lambar banki mai alƙaluma 9 da ke ƙasan takardar cak, daga hagu. In ba ka zaɓa ba, katin Way2Go za su aiko maka ta gidan waya.

Dalilina shi ne katin sai an jira shi, kuma ga mai zaman haya da ke yawan sauya gida, wasiƙa takan ɓace a tsohon adireshi alhali kuɗin haya na jiran mutum. Ga kuma cajin da wasu na'urorin ATM ke yanka. Amma don Allah kada ka sa asusun aboki ko na ɗan'uwa, komai amana. Kuma ko wanne ka zaɓa, sai ka tabbatar musu kowane mako cewa har yanzu ba ka samu aiki ba, in ba haka ba kuɗin makon ba zai fito ba.