Adadin ambaton maƙalu da neman katin zama a Amurka: amsa ga wani masanin magunguna

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Amurka, inda yake aikin bincike bayan ya kammala digiri na uku a fannin famakoloji, wato ilimin yadda magani yake aiki a jiki. Malami ne a wata jami'a a arewacin Najeriya, kuma da tallafin TETFund, asusun gwamnatin Najeriya na tallafa wa manyan makarantu, ya fita da bizar J-1, wato bizar baƙin musayar ilimi da bincike. Yana da maƙalu 34, mafi yawansu a kan tsirran gida irin su sabara da marke da aka gwada a jikin ɓeraye, sai guda 5 na baya-bayan nan a kan cutar sikila. Daga cikin shafukan da suke ƙidaya yawan ambaton maƙalu a rubuce-rubucen wasu masana, Google Scholar yana nuna an ambaci ayyukansa sau 410, Scopus kuwa sau 150. Yana so ya san ko wannan ya isa neman katin zama na dindindin ba tare da wata ma'aikata ta tsaya masa ba, da kuma lissafin da ya dace ya gabatar.

Dakta, ina gaishe ka, Allah ya ƙara basira. Dokar shige da ficen Amurka ba ta ƙayyade wani adadin ambato da mutum zai cika ba, saboda haka duk wanda ya ce maka sai ka kai ɗari biyar ko dubu, ƙiyasinsa ne kawai yake faɗa maka. Hanyoyi biyu ne mai bincike yake iya nema wa kansa da fom ɗin I-140, wato takardar neman katin zama ta dalilin aiki. Ta farko ita ce EB-1A, ta masu ƙwarewa ta musamman, wadda take buƙatar ka cika aƙalla uku daga cikin sharuɗɗa goma, kamar buga maƙalun ilimi, da tantance ayyukan wasu masana, da kawo sabon abu mai babban tasiri a fanninka. Tun bayan shari'ar Kazarian a 2010, jami'in USCIS, hukumar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka, yana duba takardun a mataki biyu: ya fara ƙidaya sharuɗɗan da ka cika, sannan ya auna hujjojin gaba ɗaya ya ga ko da gaske kana cikin 'yan kaɗan da suka kai ƙololuwar fannin. A mataki na biyun ne mafi yawan matasan masu bincike suke tuntuɓe. Hanya ta biyu ita ce EB-2 NIW, wato yafiya saboda amfanin ƙasa, wadda hukuncin Dhanasar na 2016 ya shimfiɗa mata tambayoyi uku: ko aikin da kake son ci gaba da shi yana da daraja da muhimmanci ga ƙasar, ko kai ɗin kana da abin da zai sa ka iya kai shi gaba, da kuma ko Amurka za ta amfana idan ta yafe maka sharaɗin samun mai ɗaukar aiki.

A kan lissafin kuwa, bambancin 410 da 150 ba abin mamaki ba ne. Google Scholar yana kwashe duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet, har da kundayen ɗalibai da takardun taro da mujallun da babu wanda ya tantance su, alhali Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na kamfanin Clarivate mujallun da suka zaɓa kaɗai suke ƙidayawa. Babu laifi ka gabatar da na Google Scholar, kuma masu nema da yawa shi suke haɗawa, amma kafin ka yi haka ka zauna da jerin ka tace shi da kanka. Ka ware ambaton da kai ka yi wa kanka, ka ware wanda abokan rubutunka da ɗalibanka suka yi, ka ga abin da ya rage daga mutanen da ba su san ka ba. Idan daga cikin 410 kashi biyu bisa uku daga sashenku na gida suka fito, inda kowane ɗalibi yake ambaton malaminsa a gabatarwar kundinsa, to jami'in da ya saba da irin waɗannan takardu zai gane. Hausawa sun ce jama'a su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba, kuma maƙalu 34 rumfuna ne har sai an ga waɗanda suka zo ciniki.

Abin da ya fi adadi nauyi shi ne me masu ambaton suka yi da aikinka. Akwai wanda zai jera maƙalarka tare da wasu goma a ƙarshen jimla ɗaya don ya nuna cewa an taɓa nazarin wannan tsiro, akwai kuma wanda zai ce ya bi hanyar gwajin da ka tsara, ko ya ɗora bincikensa a kan sinadarin da ka ware, ko ya gwada sakamakonka a wani ɗakin gwaji a Jamus ko Japan ya same shi daidai. Irin na biyun guda goma sun fi na farkon ɗari amfani a gare ka. Ka nemo su ɗaya bayan ɗaya, ka fitar da shafin da aka yi maganarka, ka ja layi a ƙarƙashin jimlar. Daga cikin waɗannan mutane ne kuma za ka nemi wasiƙun shaida, domin wasiƙar farfesan da bai taɓa aiki da kai ba amma ya yi amfani da bincikenka ta fi ta mai duba kundinka ƙarfi, komai yabon da shi zai zuba.

Haka nan adadi ba shi da ma'ana sai an kwatanta shi da na tsararrakinsa. Ma'aunin h, wanda masanin fiziks Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, yana nufin idan ma'auninka 10 ne, kana da maƙalu goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma, kuma a bayyane yake cewa yana fifita wanda ya daɗe a fagen. Abin da zai fi yi maka aiki shi ne kwatanta kowace maƙala da sauran waɗanda aka buga a shekara ɗaya a fanni ɗaya. Clarivate ta raba kimiyya gida 22, ɗaya daga ciki shi ne famakoloji da ilimin guba, kuma tana fitar da jadawalin da yake nuna ambato nawa maƙalar kowace shekara take buƙata don ta shiga kashi 10 ko kashi 1 cikin ɗari na sama. Cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ita ma tana da manhajar iCite, wadda take auna maƙalar da ke cikin PubMed, rumbun maƙalun lafiya, da takwarorinta. Ɗakin karatun jami'ar da kake aiki zai iya fitar maka da na Clarivate. Maƙalar da aka buga shekara biyu da suka wuce mai ambato 20 tana iya zama hujja mafi ƙarfi fiye da tsohuwa mai 60.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu Hausawa, wato sunaye. Mutum ɗaya zai fito Muhammad a wata maƙala, Mohammed a wata, yau sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, gobe sunan garinsu, sannan ga ɗaruruwan masu bincike masu suna Abubakar ko Usman da harafin farko iri ɗaya. Sakamakon haka Scopus yakan raba mutum gida biyu ko uku, Google Scholar kuma yakan liƙa masa aikin wani. Mai yiwuwa ne wani ɓangare na giɓin da kake gani daga nan ya fito. Ka buɗe lambar ORCID, wadda take bambanta kowane mai bincike da masu irin sunansa, idan ba ka da ita, ka nemi Scopus ya haɗe maka shafukanka, ka cire duk maƙalar da ba taka ba daga Google Scholar, ka kuma tsaya a kan rubutun sunan da ke cikin fasfonka. Cirewar nan wajibi ce, domin gabatar da bayanin ƙarya da gangan a takardun shige da fice yana iya haramta wa mutum shiga Amurka har abada. Wannan gargaɗin ya shafi al'adar nan ta “a sa sunana” da abokan aiki suke yi wa juna don ƙarin girma: maƙalar da ba za ka iya bayyana rawar da ka taka a cikinta ba, kada ka jingina da ita. Idan kuma wasu tsofaffin ayyukanka sun fito a mujallun da suke karɓar kuɗi su buga cikin mako ɗaya ba tare da tantancewa ba, ka bar su a jerin tarihin aikinka yadda suke, amma kada ka gina hujja a kansu.

Da abin da ka bayyana, ra'ayina shi ne EB-1A bai yi ba tukuna, NIW kuwa ƙofarsa a buɗe take, kuma maƙalunka biyar na sikila su ne jarinka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa kusan mutum 100,000 ne suke fama da cutar a Amurka, saboda haka muhimmancinta ga ƙasar ba abin jayayya ba ne. Aikin tsirran gida ma ba abin kunya ba ne, tun da daga irinsa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar da maganin Niprisan na sikila, amma ka gabatar da shi a matsayin tushen da ya kai ka ga binciken da kake yi yanzu. A halin da ake ciki ka rubuta wa editocin mujallun da suka buga aikinka ka ce a shirye kake ka tantance maƙalu, ka kuma adana wasiƙun gayyatar da na godiya.

Sai batun da ba ka tambaya ba, wanda shi ne zai iya tsayar da komai. Mai bizar J-1 da gwamnatin ƙasarsa ta ɗauki nauyinsa yakan faɗa ƙarƙashin sashe na 212(e) na dokar shige da fice, wanda ya wajabta masa komawa gida shekara biyu kafin ya karɓi katin zama ko bizar aiki ta H. Kana iya shigar da I-140 har a amince da shi, amma katin ba zai fito ba sai ka cika shekarun ko an yafe maka. Ka duba bizarka da fom ɗinka na DS-2019 da aka ba ka don neman J-1, idan kana shakka ka nemi ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ba ka matsayarta a rubuce. Hanyar yafiya da aka fi bi ita ce takardar rashin ƙorafi daga gwamnatin ƙasarka ta ofishin jakadancinta da ke Washington, kuma a nan yarjejeniyar da ka sa wa hannu da jami'arku, cewa za ka dawo ka yi mata aiki, za ta taso. Wannan amana ce, akwai kuma waɗanda suka tsaya maka a kanta. Ka rubuta wa shugaban sashenka da magatakardar jami'ar, ka tambayi abin da ake binka na shekaru ko na kuɗi, ka karɓi amsar a rubuce kafin ka biya lauya ko sisi. Ka kuma tuna cewa a Disambar 2025 Amurka ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, don haka kada ka sayi tikitin zuwa gida da nufin sabunta biza sai lauyan shige da fice mai lasisi ya duba halin da dokar take ciki a makon da za ka tashi.