Hukuncin Sayar da Babur Bayan An Liƙe Robarsa da Ta Tsage

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Sana'ata ita ce sayen tsofaffin babura irin roba-roba, in gyara su in sayar. Sau da yawa nakan tarar robar gaba ko murfin gefe ya tsage, sai in kai wa mai waldar roba ya haɗe, a shafa fila, a goge, a fesa fenti har ba a gane wurin. Shin wajibi ne in faɗa wa mai saye, alhali injin lafiyarsa ƙalau?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gyaran kansa halal ne, kuma ya fi jefar da robar da za ta iya ƙara amfani, domin hadisin Mugira ɗan Shu'uba da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna Allah yana ƙin tozarta dukiya.

Sai dai gyara suna ya tara. Akwai mai huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya narka gefunan ta ciki da ƙarfe mai zafi, ya cike da roba irin ta asali, ya dasa ragar waya a bayanta. Wannan yakan daɗe. Akwai kuma mai ɗiga gam kawai ya rufe da fila, wanda girgizar hanya take sake buɗewa ba da jimawa ba, musamman a kunnuwan da ake ɗaure noti. Bayan fenti duka biyun kamarsu ɗaya a idon mai saye.

Ibn Abi Zaid ya kafa ma'auni a Risala cewa bai halatta mai sayarwa ya ɓoye wani abu game da hajarsa ba, wanda da ya ambace shi mai saye zai ƙi ta, ko kuma ambatonsa zai rage mata kuɗi. Ka tambayi kanka, ɗan'uwa: da ka ce robar liƙi ce, zai biya abin da ya biya? Idan ba zai biya ba, to faɗa ya wajaba a kanka, kuma lafiyar injin ba ta sauke wannan wajibci, tunda abin da ka sayar babur ne gaba ɗayansa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Fentin da aka fesa don a ɓoye tsaga yana ƙarƙashin wannan hukunci.

Abin da ya fi damuna shi ne robar ba kasafai take tsagewa haka kawai ba. Galibi alama ce ta faɗuwa ko karo, kuma mai yiwuwa ƙafar gaba ko kan babur ɗin ya ɗan karkace. Idan ka san da haka ka yi shiru, ka haɗa cin dukiyar mutum da jefa rayuwarsa cikin haɗari, shi da duk wanda zai goya.

Cewa "na sayar maka yadda ka gan shi" ba ta wanke wanda ya san aibin ya ɓoye. Ka nuna masa wurin da hannunka, ka faɗi irin gyaran da aka yi. Ƙananan ƙarce da kowa ke gani, waɗanda al'adar kasuwa ba ta rage kuɗi saboda su, ba su shiga wannan ba.

Wanda ya saya bai sani ba, daga baya ya gano, yana da zaɓi a mazhabar Malikiyya: ya riƙe babur ɗin a kan kuɗin da ya biya, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa cikakke. Game da cinikin da ya riga ya wuce, ka tuba, ka nemi waɗanda za ka iya samu ka bayyana musu, ka ba su zaɓinsu ko ku daidaita a kan bambancin kuɗin. Waɗanda ka nema ka rasa kuwa, ka ƙiyasta haƙƙinsu ka yi sadaka da shi a madadinsu. Allah ne Mafi sani.