Injin yankan itace yana shan mai ya ƙi tashi

Tambaya: Malam, ina da tsohon injin yankan itace ƙirar Stihl. Kullum na ja igiya sai warin fetur ya tashi, fulogi ya jiƙe sharkaf, injin kuma ya ƙi kamawa. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Birnin Gwari.

Amsa: Malam, mai ne ya yi wa silinda yawa, kuma galibi barin cok (abin da ke toshe hanyar shigar iska cikin injin) a rufe ne ke jawo haka. Da zarar injin ya yi tarin farko, sai a buɗe cok, domin kowane ja bayan wannan ƙara tura fetur yake yi.

Ka kashe makunni, ka cire fulogi ka busar da shi, sannan ka ja igiya kamar sau goma, nesa da wuta, don man da ya taru ya fita. Ka tabbatar tazarar bakin fulogin ta kai milimita 0.5, ka mayar da shi, ka tayar da injin cok a buɗe bayan ka ɗaure birkin sarƙa.

Idan matsalar ta dawo, ina zargin kafireta, wato inda fetur ke gauraya da iska. A cikinta akwai siririyar fatar roba wadda take taurarewa idan injin ya tsufa ko ya daɗe a ajiye da mai a ciki, sai allurar da ke tsayar da fetur ta kasa rufewa. Sauya su biyun ya fi a yi ta murɗa sukurorin kafireta da ka. Ka wanke matatar iska kuma, ka zubar da tsohon man, ka haɗa sabon fetur da man inji gwargwadon awon da kamfanin ya tsara.